Sawun da Ya Hau Sawu

Da azahar aka shigo da Luƙman Tungar Ƙirya, kwance a bayan motar kat-kat ta wani ɗan kasuwa, rigarsa jiƙe da jini tun daga kafaɗa har ƙugu. Luƙman ɗan kabu-kabu ne, babu wanda bai san ƙarar motonsa ba a hanyar yashin da ta taso daga Matankari. Ɗan kasuwar, wani mai sayen wake a Dogon Dutsi da ake kira Mustafa, ya ce tsintarsa ya yi a gefen hanya, moto can, shi can. Uwar yaron, Ladidi, ta haye bayan motar ta ɗora kansa a cinya, suka wuce likita. Can aka ce harsashen bindigar farauta ne a jikinsa, kuma bai san inda kansa yake ba.

Kafin la'asar suna ɗaya ke yawo a bakin kowa. An ga Luƙman da hantsi yana cacar baki da wani makiyayi a burtali, inda shanu ke ƙetare hanya, makiyayin kuwa da bindiga a kafaɗa. Hashim ne, ɗan Modibbo. Mustafa ma da aka tambaye shi a likita, ya ce ya hangi wani mai malfa yana kutsawa cikin gero kusa da wurin. Jandarmomi suka iske Hashim a bakin tafki da shanunsa. Suka shinshina bakin bindigar, suka ji warin albarushi, suka tafi da shi.

Modibbo ya tsufa cikin shanu. Bindigar nan shi ya yi ta zirga-zirga har aka ba ɗansa takardar izininta, bayan shekarar da ɓarayi suka kore musu rabin garke. Yanzu ga samarin Tungar Ƙirya sun taru da sanduna suna maganar ƙone ruga, maigari na ta ba su baki. Ga kuma maharba da makiyaya masu bindiga sun yi cirko-cirko a ƙofar maigarin, domin an ce hukuma na shirin karɓe bindigogin yankin gaba ɗaya. Amma abin da ya fi cin Modibbo a rai wani ne dabam. Ya san zuciyar ɗansa. Hashim na da saurin hawa, kuma uban bai iya rantsewa cewa bai yi harbin ba.

Ya ɗaura wa jakinsa akumari, ya nufi Matankari wurin Tankari.

Tankari tsohon maharbi ne, Ba'are mai tsage daga baki har kunne. In aka saci raƙumi ko saniya a ƙasar Arewa, shi ake kira ya bi sawu. Modibbo ya same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Tsakanin Ba'are da Bafillace akwai wasa, Tankari kuwa ba ya barin nasa ya wuce.

"Mi ya kawo bawana gidana? Nono ya ƙare ruga?"

"Ɗana anka kama, Tankari."

"Na ji." Ya ajiye igiyar. "In na bi sawu ya kai ni ga ɗanka hwa?"

Modibbo ya amsa masa:

"Ka hwaɗi abin da ka gani. Ni ma ina son in sani."

Tankari ya dube shi da kyau, sannan ya aika a roƙi maigarin Tungar Ƙirya ya sa a gitta ƙaya a hanyar, kada amalanke ko moto su sake bi sai ya zo.

Rana na ɓullowa suna burtali. An yi ruwa jiya da safe, ya ɗauke kafin hantsi, bai kuma dawo ba, yashin ya riƙe duk abin da ya taka shi. Tankari ya sa rana a gabansa, ya sunkuya yana tafiya a karkace kamar mai neman allura.

"Nan moto ya tsaya. Ga ƙahwarshi ya dire. Nan ɗanka ya tsaya, ya dogara ga sanda. Sun matso ma juna ƙwarai."

Wata mata mai suna Hindatu ta fito daga bukkokin da ke gefen burtalin. Ita Luƙman ya ɗauko daga kasuwa jiya, a gabanta aka yi faɗan. Ta gaida tsofaffin tana kauce wa idon Modibbo.

"Ɗiyata, mi kika gani?" in ji Tankari.

"Baba, shanu sunka cika hanya, Luƙman ya yi ta danna oda, wata maraƙa ta hirgita ta hwaɗi. Shi kau ya zo da hushi. Sunka zagi juna."

"Ya auna shi da bindiga?"

"Ya sauke ta daga kahwaɗa."

"Ya auna shi?"

"A'a. Jingine ta ya yi ga icce, ya ɗaga maraƙar. Amma ya ce ma Luƙman za su gamu. Ni nan na sauka, Luƙman ya wuce shi kaɗai."

Suka bi garken gabas. Modibbo ma ya san sawun shanu, yana iya faɗin wace saniya ce ta taka wuri, amma abin da tsohon nan ke yi ya wuce saninsa. A kan fako, inda shi bai ga komai ba, Tankari zai nuna tsakuwa guda da ta juye, jiƙaƙƙen gefenta a sama, ya ci gaba ba tare da ya rage sauri ba. Can sai ya tsaya cak.

"Ɗanka ya bar shanu nan. Ya yi yamma shi kaɗai, da gudu."

Yamma ita ce wajen hanya. Suka kutsa cikin gero mai kai wa wuya, har suka ɓulla wani ɗan fili, inda Tankari ya tsinci kwankon harsashi ja a gindin sabara. Ya miƙa wa Modibbo, ya ci gaba da dube-dubensa. Ga sawun maraƙi yana gudu, ga wani ƙaramin sawu mai farce a bayansa, ga ɗigon jini a kan ganye.

"Dila ne ya koro maraƙi. Shi ɗanka ya harba, ya same shi ga cinya."

Modibbo ya sauke numfashi. "Ke nan ya hita."

"Bai hita ba. Wanda ya harbi dila ana iya cewa ya harbi mutum. Daga nan sawunshi ya bi cikin ciyawa, shanu sun tattake. Ba ni da abin da zan rantse a kai."

Gonar ta Amadu ce, wani maharbi na Tungar Ƙirya. Shi ma bakin mutane bai bar shi ba, domin an gan shi jiya yana tura wani abu dogo cikin rumbu. Suka same shi yana noma. Da ya ga Tankari sai ya yar da hauya.

"Na san abin da ya kawo ku. I, na ɓoye ta. Ko kai ne ka ɓoye. Shekara nawa ina riƙe da bindigar ga, ban taɓa auna ɗan Adam ba. Amma yau in mai mota ya zage ka bisa hanya ka rama, gobe ya ce ka nuna mai bindiga, wa za a yarda da shi? Kai da ka yi takarda, sunanka na birgadi wurin jandarma, kai za a hwara ɗauka. Wanda bai da takarda ba wanda ya san da shi."

"Ka ji harbi jiya?"

"Biyu. Guda nan bayan gonata. Guda can wajen hanya, bayan an jima."

"Kahin na biyun, mi ka ji?"

Amadu ya sosa kai. "Oda. An daɗe ana oda, kamar masu kai amarya. Har na ce wa ke biki da damina."

"Odar moto?"

"Da ƙarama da babba."

Tankari ya juya ya nufi hanya.

Inda Luƙman ya faɗi babu abin karantawa. Rabin gari ya zo kallon jini, an tattake wurin kamar masussuka. Tankari ko tsayawa bai yi ba. Ya juya baya, ya kama hanya zuwa wajen Matankari, inda babu wanda ya ga dalilin dubawa. Modibbo na biye da shi. Tsohon ya yi ta tsugunawa, wani wurin har ya kwanta ya ɗora kunci a ƙasa, yana kallon yashin daga gefe. Duk inda ya tashi sai ya karyi karan gero ya kafa. Ya daina wasa, ya daina magana, leɓensa kaɗai ke motsi. Modibbo ya taɓa ganin malamai a kan littafi cikin irin wannan hali, bai taɓa zaton za a yi wa turɓaya haka ba. Shi da ya duba, layukan tayoyi kawai ya gani, babba da ƙarami, sun bi hanya kamar kullum.

Daga nan Tankari ya dawo, ya wuce wurin jinin, ya yi gaba wajen Tungar Ƙirya shi kaɗai. Ya daɗe tsaye a gefen wata gonar gyaɗa, hannu a baya. Da ya dawo, fuskarsa ta sauya.

"Mu tahi Dogon Dutsi," in ji shi.

Suka sami Ladidi a inuwar bishiyar bedi a harabar likita, idanunta sun kumbura. Luƙman na da rai, amma bai farfaɗo ba. Kusa da ita Mustafa ne zaune a kan benci. Tun jiya bai buɗe shagonsa ba, shi ke kawo abinci, shi ke bin likitoci. Da Ladidi ta gane Modibbo sai ta juya masa baya.

Tankari ya gaida Mustafa, ya yi masa godiya a kan taimakon da ya yi.

"Kai ma daga Matankari ka taso jiya?"

"Daga can, Baba. Na je duba wake."

"Ka gamu da yaron bisa hanya kahin abin ya hwaru?"

"Ko kusa. Ya riga ni nesa. Ban sa shi ga ido ba sai kwance."

"Ko ƙurarshi ba ka hanga ba?"

"Ko ita."

Tankari ya gyaɗa kai. A hanyar fita ya tsaya jikin kat-kat ɗin Mustafa kamar mai gyara takalmi, ya shafa tayar baya ta hagu da tafin hannu. Sabuwa ce, zanenta dabam da na sauran ukun.

Daga can suka wuce birgadi. Ajidan ɗin jandarma da ke riƙe da maganar ya san Tankari, sun sha bin ɓarayin shanu tare. Suka keɓe suka yi magana, ajidan ya ce da la'asar zai kawo kowa.

Rana ta karkata lokacin da aka taru a hanyar. Ga maigari da samarinsa, sanduna har yanzu a hannu. Ga Amadu da sauran masu bindiga sun tsaya gefe guda. Motar jandarma ta sauke Hashim da ankwa a hannu, ta sauke Mustafa da Ladidi, wadda ta ce sai ta ga wurin da idonta. Hashim ya dubi ubansa sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Ajidan ya sa kowa ya tsaya a bakin gona, kada a taka hanya.

Tankari ya je karan farko ya tsuguna.

"Ku matso ku duba. Wanga siririn sawu moton Luƙman ne. Wanga mai hwaɗi, mai zane kamar ƙashin kihi, tayar baya ce ta motar Mustahwa. Mustahwa, haka ne?"

"Haka ne. Ai na ce ta nan na biyo."

"Ka ce. Ga shi kau tayarka ta hau bisa sawun moto ta danne shi. Wanda ya zo daga baya shi ka taka na gaba. Nan maganarka ta yi daidai."

Ya tashi, jama'a na biye da shi ta gefe, har kara na biyu.

"To, nan hwa? Maigari, idonka ya hi nawa. Wane ke bisa?"

Maigari ya sunkuya ya daɗe. "Na moto ke bisa."

"Na moto ke bisa. Ke nan a nan mota ke gaba, moto na baya."

A kara na uku mota ce a sama. A na huɗu moto. Haka suka yi ta tafiya, sawu na hawan sawu, ana musanyawa kamar tufkar igiya. Tun ana gunaguni har aka yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Tankari na tafe yana faɗin abin da ya faru kamar yana wurin. Nan mota ta wuce moto a bakin kududdufi ta watsa masa ruwan laka. Nan moto ya ci zuciya ya sha gabanta. Nan mota ta matse shi har ya hau kunyar gona, ga gero da ya karya. Nan ya dawo ya gitta mata, ga inda ta ja burki ta tono yashi. Da safe Modibbo ya bi wannan hanyar bai ga komai ba, yanzu kuwa yana ganin mutum biyu sun haukace suna tsere, har kamar yana jin odar da Amadu ya ji.

Tankari ya tsaya a kara na ƙarshe, ɗan nesa da wurin jinin.

"Mutumin da ya ce ko ƙurar yaron bai hanga ba, ya wuce shi, an wuce shi, ya sake wucewa. Ni iyakar abin da ƙasa ta nuna mini ke nan. Sauran na bakinshi."

Duk idanu suka koma kan Mustafa. Sai ya zauna daɓas a kan kunya.

"Ya tare mini hanya," ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa. "Ya sauko yana zagin uwata, ya bugi gilashi da hannu. Bindigar na bayan kujera, don 'yan fashi na aje ta, ba ta da takarda. Na ce in tsorata shi. Wallahi tsorata shi na so in yi." Ya rufe fuska. "Tana cikin tsohuwar rijiya bayan shagona. Makiyayin ga ban taɓa ganinshi ba. Na ji ana hwaɗin sunanshi ne, na bi."

Ladidi ta yi wani sauti kamar an shaƙe ta. Mutumin da ta ci abincinsa, ta sa masa albarka tun jiya. Samarin suka yunƙuro da sandunan da suka tanadar wa ruga, jandarmomi suka sha gabansu, amma samarin sun fi su yawa nesa.

"Ban gama ba," in ji Tankari.

Bai ɗaga murya ba, amma aka tsaya. Wanda ya ga abin da suka gani yanzun nan ba ya gardama da shi. Ya wuce wurin jinin, ya ja su gaba har gefen gonar gyaɗar nan inda ya daɗe tsaye da safe. A nan sawun motar ya bar hanya, ya yi wani babban gewaye cikin gyaɗa, ya koma inda ya fito.

"Da ya yi harbin, gudu ya yi. Ku dubi yadda taya ta watsa yashi. Ba wanda ya gane shi, ba mai tsai da shi har Dogon Dutsi. Ya zo nan ya tsaya. Ya daɗe tsaye, ga man da ya ɗiga daga injin ya taru wuri guda. Sannan ya juya ya koma ya ɗauki yaron." Ya dubi Ladidi. "Uwar Luƙman, shi ya harbi ɗanki, ya kuma so a ɗaure ɗan wani a madadinshi. Wannan shari'a za ta tambaye shi. Amma da bai yi wanga gewaye ba, da jiya anka yi jana'iza. Na ce zan hwaɗi abin da na gani, to duka na gani."

Ladidi ta daɗe tana kallon gewayen tayar a cikin gyaɗa. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Can ta juya wajen samarin.

"Ku aje sandunan ga. Ku bar hukuma ta tahi da shi."

Suka ajiye, ɗaya bayan ɗaya.

Ajidan ya kwance ankwar daga hannun Hashim ya ɗaura wa Mustafa. Ya gaya wa Amadu da mutanensa su koma gida, ba wanda zai taɓa bindigar da ke da takarda a kan wannan magana. Hashim ya zo ya durƙusa a gaban ubansa. Modibbo ya dafa kansa. Ladidi ce ta matso, ta tsaya a gabansu, ta ce, "Baba, ku yahe mini." Modibbo ya ce babu komai, Allah ya tashi kafaɗar yaro.

Luƙman ya farfaɗo bayan 'yan kwanaki, ya faɗi abin da ya faru, bai saɓa da na Tankari ba ko a wuri ɗaya. Hannunsa na dama bai koma daidai ba, ya bar kabu-kabu ya koma gyaran moto a bakin tasha.

Amma a ranar, kafin jama'a su watse, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa gero. Mutane suka yi ta gudu gida. Modibbo ya tsaya a bakin hanya, ɗansa a gefensa, ya ga ɗigon farko ya faɗa cikin sawun moto, na biyu cikin na mota. Kafin su kai burtali ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, hanyar ta zama kogi. Modibbo ya waiwaya, ya ga babu sauran komai a kan yashin, ya tuna cewa da ruwan nan ya sauko jiya, da ɗansa na can a tsare. Ya kama hannun Hashim ya riƙe gam, suka shiga cikin ruwan suka nufi ruga.